Kafin Ka Sassaƙa Mandolin, Fara Haɗa Gurmi

Ɗana,

Mahaifiyarka ta kawo mini ƙararka. Ta ce tun da aka kai ka koyon kafinta a Dutse ka ga wani abin kiɗa na Turawa a waya, wai shi mandolin, ka ga yadda ake sassaƙa shi da hannu, shi ke nan ba ka da zance sai nasa. So take in tsawata maka. Ni kuwa ban ga abin tsawatarwa ba. Yaron da ya ga abu mai kyau ya ce sai ya san yadda aka yi shi, ya fiye mini wanda zai ce a saya masa. Abin da nake da shi shawara ce, kuma guda ɗaya ce: kafin ka ɗora zarto a kan katako da sunan mandolin, ka fara haɗa gurmi a gaban wanda ya iya, ka yi ta haɗawa har kunnenka ya buɗe. Zan kawo maka dalili, don na san ku yaran yanzu ba ku karɓar magana sai da hujja, kuma ban ga laifinku ba.

Mandolin ɗan Italiya ne. A birnin Napoli, cikin ƙarni na 18, wasu 'yan gida ɗaya da ake kira Vinaccia suka yi fice wajen haɗa shi, kuma a hannun irinsu ya samu siffar da aka san shi da ita: tsirkiya takwas da aka jera bibbiyu, kowace biyu murya ɗaya, da gajeren wuya, da baya mai zurfi kamar an fafe duma. Wannan bayan ba daga kututture ɗaya ake rarake shi ba. Siraran katakai ake yankawa, a gasa kowanne a jikin ƙarfe mai zafi har ya lanƙwashe, a jera su gefe da gefe a manne, a wani ma sukan haura guda 20. Daga baya a Amurka, a garin Kalamazoo, wani mai suna Orville Gibson ya bar wannan hanya, ya rinƙa rarake fuska da baya daga katako mai kauri yadda ake yi wa gogen Turawa. Ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1898, aka kafa kamfani da sunansa a 1902, kuma a 1922 kamfanin ya fitar da samfurin F-5 a ƙarƙashin kulawar Lloyd Loar, wanda har gobe masu sassaƙa ke kwaikwaya. Ina kyautata zaton irinsa ka gani.

Abin da waya ba za ta nuna maka ba shi ne nauyin da ke kan wannan ɗan akwati. Tsirkiyoyinsa na ƙarfe ne, kuma in an ɗaure su duka takwas, jan da suke yi wa wuya da jiki ya haura kilo 60, dare da rana, ko ana kaɗawa ko ba a kaɗawa. Ga shi kuma fuskar da jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya take hawa, yake zaune a kai, a irin mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, kaurinta bai wuce milimita 3 ba. In ka bar ta da kauri, abin ya zama bebe. In ka cika fere ta, ta lotsa ko ta tsage. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan siririn wuri inda murya take, kuma ba a gano shi da ma'auni kaɗai, sai an ƙwanƙwasa da yatsa an saurara. Itacen da suke yin fuskar da shi ma na ƙasashen sanyi ne, fari, mara nauyi, mai miƙaƙƙen zare, ba ya fita a Jigawa. Wanda bai taɓa haɗa abin kiɗa ba ya fara da wannan, zai ƙone kuɗin katako da wata da watanni, a ƙarshe ya samu abin rataye a bango, kuma ba zai san ta inda aikin ya ɓaci ba. Wannan rashin sanin shi ne yake kashe zuciya, ba asarar katakon ba.

To, ka duba gurmi. Tsirkiya ce a ɗaure, ta hau kan jaki, jaki ya miƙa rawarta ga fuska, fuska ta motsa iskar da ke cikin rami. Daga gurmi zuwa garaya, zuwa molo, zuwa jita da mandolin, aikin ke nan, ba a ƙara masa komai ba sai ado da yawan tsirkiya. Abin da mutanen Napoli suke sha wa wuya da katakai ashirin, mu Allah ya tsiro mana da shi a bayan gida, yana yaɗo a kan danga. Gurmi in ya ɓaci, ƙwarya ce da fata, gobe ka sake wani. Cikin rani ɗaya za ka iya haɗa da yawa, kowanne ya koya maka abin da na baya bai koya ba.

Kada kuma wani ya ce maka abin ƙauye ne. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi sunan da har yanzu ake jin muryarsa a gidajen rediyo. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, kuma kuntigin nan gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal. Banjo ɗin da Amurkawa suke kaɗawa kafaɗa da kafaɗa da mandolin, asalinsa duma ne da fata da sanda, a hannun bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Wani likita, Hans Sloane, ya gan shi a Jamaika da ya je a 1687, kuma zanensa ya fito a littafinsa a 1707. Masu bin diddigin tarihinsa sukan kwatanta shi da akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, suna kuma ambaton gurminmu, don shi ma sandarsa ratsa ƙwaryar take yi ta ɓullo ta ɗaya gefen.

Bari in ɗan zauna a kan aikin kansa, don a nan ne ake gane mai haƙuri.

Ƙwarya ita ce farko. Ka nemi duman da ya nuna ya bushe a kan yaɗonsa, mai kauri, wanda ƙwaro bai huda ba. Ka ɗaga shi ka ƙwanƙwasa da bayan farce. Wanda ya ƙosa zai amsa maka tar, wanda aka tsinke ɗanye kuwa zai amsa a dakushe, kuma haka zai yi ta amsawa ko da wace irin fata ka rufe shi. Masu fafar ƙwarya da gyartai sun fi kowa sanin wannan, ka zauna kusa da su ranar kasuwa ka ga yadda suke zaɓe. In an fafe, ka kankare cikin sosai, sannan ka daidaita baki. Ka shimfiɗa samfefa a kan lafiyayyen katako, ka kife ƙwaryar ka yi ta juyawa a hankali, kana ɗagawa kana dubawa, har in ka kife ta a kan tebur ba ka ganin haske yana shiga ta ƙarƙashi. Bakin da bai daidaita ba, fata ba za ta zauna a kansa da ja iri ɗaya ba, wani gefe ya ɗame, wani ya saki. Wurin da sanda za ta ratsa kuma kada ka tura wuƙa da ƙarfi, ƙwarya tsagewa take yi. Ka gasa ƙarfe ka huda, sannan ka buɗa kafar da magagari kaɗan kaɗan har sandar ta shiga cif ba ta girgiza. Sanda mai girgiza tana shanye murya, ta bar ka da wani zuzu da za ka yi ta nema ba ka san daga ina yake fitowa ba.

Sai fata. A nan yara da yawa suke yin kuskure, su tafi wurin dukawa su sayo jemammiya don ta fi kyan gani. Fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi laushi, ta dace da jaka da takalmi, amma ba ta amo. Ɗanya ake so. Ka samu ta ɗan akuya, siririya, wadda wuƙar mahauci ba ta yi wa rauni ba. Ka ɗaga ta a rana ka duba, duk inda aka yanke za ka ga haske ya fi yawa. A jiƙa ta, a shafe ta da toka har gashi ya saki, a aske, a kankare sauran kitse da nama ta ciki, a wanke tas. Tana jiƙe ake ɗora ta. Ka ja gabas ka kafe, ka koma yamma ka ja ka kafe, sannan kudu da arewa, sannan ka cike tsakani, kullum gefe da kishiyarsa. Kada ka ja ta iya ƙarfinka, don in ta fara bushewa ita da kanta za ta ƙara ɗamewa, kuma fatar da aka cika ja takan murɗe bakin ƙwarya ko ta fasa shi. Ka ajiye a inuwa inda iska take wucewa, ka ɗauke idonka daga kanta. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi a ɗaura tsirkiya a ji. Ka bari sai ta bushe ƙarau, in ka taɓa ba ka jin sanyi a jikinta, don jakin da aka ɗora a kan fata mai laima yakan bar gurbin da ba ya tashi.

Za ka ji tsofaffi suna yabon fatar damo da ta guza, musamman masu goge da kukuma, kuma gaskiya suka faɗa, siririya ce mai ƙarfi. Amma dabbobin nan sun ragu a dazuzzukanmu, kuma suna cikin waɗanda yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa wa ido, ta yadda abin da aka yi da fatarsu ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Ka saba da fatar akuya tun yanzu. Ba ta yanke wa a ƙasar nan, kuma in wata rana baƙo ya sayi aikinka zai tafi da shi gida ba fargabar wannan yarjejeniya.

Tsirkiya ba wuya, ga ta nan wurin masuntanmu. Igiyar roba ta fatsa, mai kauri daban daban, ita ce yawancin makaɗa suka koma wa, wasu kuma sukan warware wayar birkin keke. Izgar doki ta masu goge ce. Inda nake so ka daɗe shi ne wurin jaki. Ɗan guntun abu ne da yaro zai raina, amma rabin muryar gurmi a kansa take. Ka fere guda da yawa, wani da itace mara nauyi, wani da mai tauri, wani dogo, wani gajere. Ka sa ɗaya ka kaɗa, ka cire ka sa wani. Ka matsar da shi gaba da faɗin yatsa, ka dawo da shi baya. Za ka ji murya tana kauri, tana sirancewa, tana daɗewa, tana yankewa. Sai dai abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In ka canza jaki da tsirkiya tare, murya ta gyaru, ba za ka san wanda ya gyara ta ba. Kai da ka yi makaranta, ka sayi ɗan littafi ka rinƙa rubuta faɗin ƙwarya da zurfinta, da tsawon tsirkiya, da irin fata, da abin da kunnenka ya ji. Wannan ita ce riba ɗaya da kake da ita a kan waɗanda suka riga ka, su a ka suke riƙe komai, kuma in sun tafi da shi suke tafiya.

Wannan ne ma ya sa nake maka gaggawa ta fuska ɗaya, duk da ina ce maka ka yi a hankali. Tun da fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano, ta zama ita ce ganga, ita ce goge, ita ce gurmi, masu haɗa kayan nan suke ta raguwa. A wurinmu yawanci makaɗi shi ne mai haɗa abin kiɗansa, babu shagon da za ka je ka ga an rubuta ana koyarwa. Sai ka yi tambaya. Ka tambayi tsofaffin maharba waye yake haɗa musu garaya, ka tambayi masu shirya kokawa, ka sa cigiya a Hantsu da Zareku da Jahun, ka leƙa kasuwar Gujungu, in ta kama ka kai har Haɗeja. Da tsohuwar zuma ake magani. In ka samu mutumin, ka je masa da goro, ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗi ɗan wane ne kai. Kada ka shiga masa da waya a hannu kana ɗaukar hoto, sai ya ba ka izini. Wataƙila ya daɗe bai nuna maka komai ba, sai aike da jiƙa fata da riƙe masa ƙwarya. Ka riƙe, kana kallon yatsunsa. In ya yi abin da ya saɓa wa wanda ka gani a waya, ka yi shiru ka yi yadda ya ce, ka bar gwajinka sai ka koma gida. Kuma duk abin da ka samu ka rinƙa yi masa alheri, yawancinsu tsufa ya same su ba su tara komai ba.

Akwai darasin da garinmu da kansa zai koya maka. Miga ƙasar fadama ce. Da damina iska takan cika da laima, fata ta saki, gurmi ya koma yin gunaguni, shi ya sa za ka ga makaɗi yana kara fuskarsa kusa da wuta ko yana shanya shi kafin ya fara. Da hunturu kuma komai ya ƙafe, fata ta ɗame, katako ya motse. Wanda ya fahimci wannan a jikin fata, ba sai an yi masa dogon bayani a kan katako ba. Siririn katakon da aka manne a watan Agusta yana ɗauke da ruwa, in iskar Janairu ta buso zai nemi motsewa, gam ya riƙe shi, sai ya tsage. Saboda haka mannin fuska da baya aikin rani ne. Wanda aka haɗa a bushe, in damina ta zo ɗan kumbura kawai zai yi, ya koma. Katakonka kuma ka ajiye shi a sama, a jere da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, nesa da ƙasa. Ka ga dai abin da ambaliyar 2022 ta yi wa kayan da ke ƙasa a gidajen yankin nan. Kuma tun yau za ka fara tara shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba sai ka sare itace mai rai ba. Tsohon ƙyaure, da ƙafar gadon da ya karye, da tsohon teburin da aka jefar a bayan shago, sun yi shekaru suna bushewa, sun gama duk motsin da za su yi. Maɗaci yana da kyau a wuya da baya, danginsa ne masu haɗa jita a ƙasashen waje suke saye da sunan mahoganin Afirka. Kanya mai tauri ce, 'yar'uwar baƙin itacen da suke shimfiɗawa a kan wuya inda yatsu suke taka tsirkiya. Na fuska kuwa, ka rinƙa duba farin katakon akwatunan da ake zubo kayan inji a ciki daga ƙasashen sanyi, wani lokaci akan dace da mai miƙaƙƙen zare mara ƙulli. Gam kuma ka guji mai danƙo irin na masu gyaran takalmi, ba ya ƙanƙarewa, a hankali tsirkiya za ta ja shi ya zame. Farin gam na kafintoci ya fi shi. Wanda masu wannan sana'a suka fi yabo tun zamanin da, shi ne wanda ake dafawa daga guntayen ɗanyar fata, a shafa shi da ɗumi. Yana bushewa ƙam, kuma in ana son gyara, ɗumi da laima suna sake shi ba tare da an fasa aikin ba.

In hannunka ya faɗa a kan gurmi, ga matakin da nake ganin ya dace da kai. Akwai mandolin mai fuskar fata, wanda aka yi yayinsa a Amurka da Ingila a farkon ƙarni na 20: wuya da tsirkiya na mandolin, jiki kuwa kewayayyen katako ne da aka ɗame da fata irin na banjo. Rabin aikinsa ka riga ka iya ke nan. Abin da zai zame maka sabo shi ne wuya, da 'yan ƙarafan nan da ake gittawa a kansa. Gurmi ba shi da su, yatsa da kunne ne suke nemo murya. A mandolin kuwa lissafi ne. A ce tsawon tsirkiya daga inda ta tashi a kan wuya zuwa jaki santimita 35 ne. Ka raba 35 da 17.817, zai ba ka 1.96, nan ne ƙarfe na farko. Ka cire wannan daga 35, abin da ya rage ka sake raba shi da 17.817, ka samu tazarar na biyu. Haka za ka yi ta yi. In lissafinka daidai ne, ƙarfe na 12 zai faɗo a tsakiya cif, wato santimita 17.5. In bai faɗo nan ba, kada ka yanka, ka koma ka sake. Kunnuwan ƙarfe da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, da tsirkiyoyin kansu, waɗannan saye ake yi, sai ka nema wurin masu sayar da kayan kiɗa a Sabon Garin Kano ko ka yi saƙo. Bayan wannan, in Allah ya kai mu, ka yi mai fuskar katako shimfiɗaɗɗiya. Wanda ake rarakewa irin na Gibson shi ne na ƙarshe.

Saura magana mai nauyi, wadda ita ce ainihin abin da yake damun mahaifiyarka ko da ba ta faɗa ba. A ƙasar Hausa kiɗa yana tafe da roƙo, kuma mutane ba su cika bambanta mai haɗawa da mai kaɗawa ba. Za a kira ka maroƙi ko ba ka taɓa roƙon kowa ba, kuma maganar takan taso ranar da aka je nema wa mutum aure. Malamai ma sun yi magana mai yawa a kan kayan kiɗa masu tsirkiya, da yawansu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Wannan ba abin da za ka toshe kunne a kansa ba ne. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka faɗa masa abin da kake son yi ba ɓoye ɓoye, ka ji abin da zai ce. Ka kuma samu mahaifinka ka gaya masa da bakinka, kada ya ji a bakin 'yan gari. In ya ce a'a, ka dakata, ka bar ni da shi mu yi magana irin ta manya. Aikin da aka fara a ɓoye wa iyaye ba na yi masa fatan albarka. In kuma sun yarda, to ka kiyaye salla a kan lokacinta, ka kiyaye irin wuraren da kake kai aikinka da irin mutanen da kake zama da su, don da wannan za a yi maka hukunci, ba da ƙwarya da fata ba.

Kada kuma ka saki kafinta. Ƙofa da gado da kujera su ne za su ciyar da kai, su saya maka zarto da magagari, kuma a kansu hannunka zai koyi yanka miƙaƙƙe da haɗa gaɓa ba rata. Masu sayen gurmi ba su da yawa, masu sayen mandolin a Jigawa sun fi ƙaranci. Aikin maigidanka shi ne gaba, naka kuwa bayan an tashi, kuma da kayan da ka saya da kuɗinka. Ko guntun katako ne a ƙasa, ka tambaye shi kafin ka ɗauka.

Duma yana bushewa bayan kaka. In lokacin ya yi, ka nemi izinin maigidanka ka zo gida kwana biyu, mu je kasuwa tare mu zaɓi ƙore, in kuma raka ka wurin mahaifinka. Ka taho da littafin da na ce ka saya. Ka gaida maigidanka da kyau. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka. Wassalam.